Zane: Baiwa Ce Ko Koyo? Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Sakkwato

Ina koyar da zane a nan Sakkwato, yara da manya. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin iyaye suke fitowa, da malaman firamare, da samari da 'yan matan da ke son abin amma suna shakkar kansu. Na tattara su wuri ɗaya ne saboda amsar da ake ba yaro a kan wannan magana tana iya sa ya riƙe fensir har tsufa, tana kuma iya sa ya ajiye shi tun yana aji huɗu.

Malam, a gajarce: zane baiwa ce ko koyo?

Duka biyun suna nan, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Baiwa gaskiya ce, wanda ya musa ta bai zauna da yara ba. Akwai yaron da za a nuna wa abu sau ɗaya ya kama, akwai wanda sai an maimaita masa har a gaji. Sai dai abin da baiwa ke bayarwa shi ne saurin kamawa a farko, da kuma son abin. Iya auna tsayi da faɗi, sanin inda inuwa ke faɗuwa, daidaita hannu da fuska, duk waɗannan koyonsu ake yi, kuma kusan duk mai lafiyar ido da hannu zai iya kai wa matakin da zai zana abu a gane shi, har a yaba. Abin da ba zan yi wa kowa alkawarinsa ba shi ne zama gwanin da duniya za ta san da shi. Wannan yana buƙatar baiwa da aiki da dama, su haɗu wuri guda, kuma rabo ne daga Allah.

To me ya sa yara biyu, aji ɗaya, malami ɗaya, amma zanen ɗaya ya fi na ɗaya nesa ba kusa ba?

Wani ɓangare na bambancin da shi aka haife su. A 2014 masu bincike a King's College da ke Landan sun fitar da sakamakon nazarin tagwaye har haihuwa 7,752, wato yara bibbiyu sau 7,752, waɗanda aka sa kowannensu ya zana mutum yana ɗan shekara 4. Zanen tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ya fi kama da juna a kan na tagwayen da ba su yi kama ba. Wannan alama ce cewa halitta tana da hannu. Amma a lura da abin da aka auna: ko yaro ya sa kai, da ido, da hanci, da hannuwa, da sauran gaɓoɓi. Ba kyan zane aka auna ba, kuma ba a ce ga wanda zai zama gwani idan ya girma ba.

Sauran bambancin kuwa a ɓoye yake ga malami. Yaron nan da ake cewa “haka kawai ya iya”, ka bi shi gida. Za ka tarar ya cika bangon zaure da gawayi, ya gama da bayan littattafan yayyensa, idan an aike shi sai ya tsaya yana zanen babur a ƙasa da tsinke. Kafin ya shiga ajin ya riga ya yi zane ɗaruruwa, ɗan'uwansa kuwa sai ranar da aka ce a yi. Malami yana ganin sakamakon, ba ya ganin awannin da aka kashe. Ni a wurina babbar baiwar ma ita ce wannan nacin da ba wanda ya sa shi.

Ni hannuna ne ba shi da kyau. Ko miƙaƙƙen layi ba na iya ja.

Miƙaƙƙen layi aikin rula ne, kada ya dame ka. Idan kana iya rubuta sunanka da boko ko da ajami har wani ya karanta, hannunka ya wadatar. Harafin “ain” ko “sad” ya fi yawancin layukan da ke cikin zanen tulu wuyar lanƙwasa.

Matsalar tana wajen gani. A 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Dale Cohen da Susan Bennett, sun gwada manyan mutane don gano dalilin da ya sa yawancinmu ba ma iya zana abin da muke kallo. Da aka ba mutanen hoto aka ce su ɗora takarda su bi layukansa, sun yi da kyau, wanda ya nuna hannu ba shi da laifi sosai. Da aka ce su kalla su zana, sai abin ya lalace. Suka kammala da cewa babban tushen kuskuren shi ne yadda mutum ke fahimtar abin da ke gabansa.

Ga yadda abin yake faruwa. Ajiye kwano a kan tabarma, ka zauna nesa kaɗan. Abin da idonka ke gani a bakin kwanon siffa ce mai kama da ƙwai a kwance, siririya. Amma ƙwaƙwalwarka ta san bakin kwano zagayayye ne, don haka sai hannu ya bi abin da ka sani, ya buɗe bakin fiye da yadda yake. Haka fuska: kusan duk sabon ɗalibi yana kai idanu can sama kusa da goshi, alhali idanun babban mutum suna wajen tsakiyar kai ne, idan an auna daga tsakar ka zuwa haɓa. Muna yin haka ne don ido da hanci da baki su ne suka dame mu, goshi da ƙoƙon kai ba mu kula da su, sai mu rage musu wuri.

Akwai gwajin da nake so kowa ya yi kafin ya yanke wa kansa hukunci. Samo zanen layi na wani abu mai ɗan wuya, doki ko keke ko bishiya, ka juya shi kai ƙasa, ka kwafe shi a haka ba tare da ka miƙe shi ba. Da yawa suna mamakin abin da ke fitowa. Dalili kuwa, da aka juya hoton ƙwaƙwalwa ta daina cewa “wannan ƙafa ce, na san ƙafa”, sai ta koma duba layi da kusurwa da tazara. Wanda ya ga bambancin nan a takardarsa ya gane inda gyaran yake, kuma gyara ne da ake koyarwa.

A gidanmu babu mai zane. Ba an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba?

An ce, kuma a Sakkwato muna ganin haka da idonmu. Aikin fata na garin nan, wanda jar akuyarmu ta sa sunansa ya kai har Turai, gida-gida yake tafiya. Amma ka tambayi kowane baduku yadda ya iya. Zai gaya maka tun yana ƙarami yake zaune a rumfa, ana aikensa, ana ba shi guntun fata ya yanka, ana ƙwace wuƙa a nuna masa, ana sa shi ya warware ɗinki ya sake. Ɗan gidan ya gaji rumfa, da kayan aiki, da malami a cikin gida. Yaron maƙwabta da aka kawo koyo yana ƙarami shi ma yakan fito gwani, wani lokaci har ya wuce 'ya'yan gida.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a wajen 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, ta shafe shekaru tana yi kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Picasso, shahararren mai zanen ƙasar Sifen, da ake ba da misali da shi a kan baiwa, mahaifinsa malamin zane ne, shi ya fara koya masa. A ɗaya gefen kuma ga Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Najeriya: shi ya koya wa kansa ta hanyar kwafar hotunan mujallu da littattafan Turawa, sai a 1920 ya samu zuwa Landan karatu, yana dab da shekara 40. Rashin mai zane a gidanku rashin malami ne a kusa, kuma ana iya neman malami.

Yaran da muke gani a intanet fa, masu zanen da ya yi kama da hoton kyamara?

Akwai su, kuma baiwarsu a fili take. Kareem Waris Olamilekan na Legas yana ɗan shekara 11 ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron lokacin ziyararsa a 2018, duniya ta ɗauka. Sai dai shi ma a lokacin a makarantar koyon zane yake a unguwarsu, yana da malami, yana zuwa yana aiki. Akwai kuma irin Stephen Wiltshire na Ingila, wanda ake zagayawa da shi saman birni a jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin da ka. Wannan kam ba abin da horo zai ba ni ko ya ba ka ba ne.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne kada a ɗauki waya a nuna wa yaro irin waɗannan a ce “ka ga ɗan'uwanka”. Bidiyon minti ɗaya ba ya nuna takardun da aka yaga. Kuma kamanta hoto reshe ɗaya ne kawai na zane. Mai zayyanar allon sauka, da mai zanen aska takwas a gaban babbar riga kafin a bi da zare, da mai ƙunshin amarya, duk masu zane ne, kuma ba wanda ke neman aikinsu ya yi kama da hoton kyamara.

Gaskiya ne duk wanda ya yi awa 10,000 yana abu zai zama gwani?

Ba haka maganar take ba. Asalinta binciken Anders Ericsson ne da abokan aikinsa a 1993, a kan ɗaliban gogen Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin. Sun ga cewa waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kimanin awa 10,000 na horo kafin su cika shekara 20. Matsakaicin lissafi ne, wasu sun fi haka wasu ba su kai ba. Daga baya, a 2014, Brooke Macnamara da abokanta suka haɗa bincike masu yawa, suka ga horo yana bayyana kashi 26 cikin 100 na bambancin ƙwarewa a wasanni irin su dara ta Turawa, kashi 21 a kiɗa, kashi 18 a wasannin motsa jiki. Kaso ne mai kauri, amma bai cinye duka ba.

Abin da ya fi amfani a cikin aikin Ericsson shi ne irin horon. Wanda ya shekara goma yana maimaita zanen mota guda da ya haddace tun firamare bai ƙaru da komai ba. Horon da ke ɗaga mutum shi ne ya nufi abin da ke ba shi wuya, ya yi, wani ya nuna masa inda ya karkace, ya sake.

Na haura shekara 30, ina da iyali. Ban makara ba?

Gemu ba ya hana ilimi. Vincent van Gogh na ƙasar Holan yana da shekara 27 ya yanke shawarar zama mai zane, a 1880, bayan ya gwada sana'o'i da dama bai dace ba. Ya samo darussan zane na Charles Bargue ya yi ta kwafarsu yana maimaitawa. Ya rasu a 1890, amma cikin shekara 10 ɗin nan ya bar ayyuka sama da 2,000. Hokusai na Japan, wanda ya fara tun yana yaro, ya rubuta da kansa cewa duk abin da ya zana kafin ya kai 70 bai cancanci a kula shi ba.

Babba ma yana da abin da ya fi yaro. Yana jure zama, yana fahimtar bayani a kan ma'auni. Abin da ke kayar da shi kunya ce: ba ya son a ga zanensa kamar na ɗan aji biyu. Duk wanda ya iya haƙuri da wannan kunyar na 'yan watanni ya wuce wuri mafi wuya.

Kwafar aikin wani ba ha'inci ba ne?

A wajen koyo, a'a. Mu da muka tashi da allo mun fi kowa sanin haka. Malam ya rubuta, almajiri ya bi, a wanke, a sake, har hannu ya faɗa. Kyakkyawan rubutun Larabci kansa a kan ma'auni aka gina shi: Ibn Muqla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, shi aka sani da tsara girman haruffa ta hanyar ɗigon alƙalami da tsayin alif da da'ira. Da kyan rubutu baiwa ce zalla, da ba a buƙaci ƙidayar ɗigo ba.

Haka dabarar nuna nisa a kan takarda, yadda hanya ke tsukewa tana tafiya, gine-gine na ƙanƙancewa. Gwanaye sun yi ta zane ƙarnuka ba tare da ƙa'idarta ba, sai a farkon shekarun 1400 Brunelleschi ya nuna ta a Fulorans ta Italiya, Alberti ya rubuta ta a 1435. Yau ɗalibin sakandare yana koyonta a zango ɗaya. Abin da ya gagari masu baiwa na da ya zama darasi.

Inda ha'inci yake shi ne ka kwafi aikin wani ka sa sunanka, ko ka sayar a matsayin naka. Sannan kada mutum ya tsaya a kwafar hoto daga waya. Hoto ya riga ya yi maka rabin aikin, ya shimfiɗe abin a fili ɗaya. Sai ka zauna gaban buta ta gaske kafin ka san ko ka iya.

Ya maganar addini? Mun ji an hana zanen mai rai.

Tambaya ce mai nauyi, kuma ina jin daɗi idan ɗalibi ya yi ta. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu suranta abu mai rai ingantattu ne. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito wani mutum ya zo wajen Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da wannan sana'a yake ci. Ibn Abbas ya faɗa masa gargaɗin, sannan ya ce idan ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan rassan mas'alar, kamar bambancin gunki da zanen takarda, da abin da ake yi don koyarwa, kuma akwai saɓani a wasu wuraren. Fatawa ba tawa ba ce, garin nan kuwa ba a rasa malamai ba, a je a tambaye su.

Abin da zan ce a matsayina na mai koyarwa: wanda ya zaɓi ya nisanci zanen mai rai gaba ɗaya ba abin da ya rage masa na koyo. Ma'auni, haske da inuwa, nisa, tsari, duk ana koyonsu a kan tulu da kujera da ƙofar gari da dabino da giginya. Ga zayyana, ga zanen gini, ga zanen tufafi, ga rubutun ado. Filin yana da faɗi ƙwarai.

Yarona yana son zane da, yanzu ya daina. Me ya faru?

Yawanci wajen shekara 9 zuwa 11 ake ganin haka. Kafin nan yaro ba ruwansa, mutum mai kai da ƙafa biyu ya ishe shi. Daga baya idonsa ya buɗe, ya fara son abin ya yi kama da gaske, hannunsa kuwa bai kai ba. A daidai wannan gaɓa yake buƙatar wanda zai nuna masa yadda ake aunawa. Abin da yake samu a maimakon haka shi ne dariyar abokai, ko babba ya duba ya ce “kai ba ka da baiwar, bar wa wane”. Wannan kalma tana yi mini ciwo duk lokacin da na ji ta, don ba wanda ke gaya wa yaron da lissafi ya ba wuya cewa ya bar wa wane.

Shi ma wanda ake yabo yana cikin haɗari. Idan kullum ana ce masa gwani, sai ya fara tsoron gwada sabon abu don kada sunan ya zube, ya maƙale wa abu biyu ko uku da ya iya. Gara a ce masa, “Na ga yadda ka yi inuwar nan, ya aka yi ka gano ta?” Iya da baba su tambaye shi labarin zanen, su ajiye masa tsofaffin takardunsa. Idan bango yake ɓatawa, a ba shi allo da alli ko kwali, kada a haɗa da duka.

'Yata bahaguwa ce. Mu canza mata hannu?

A bar ta ta yi zane da hannun da ya fi mata. Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, bahago ne. Tarbiyyar ci da sha da dama daban take, ba ta hana riƙe fensir da hagu ba. Sai dai a koya mata fara aiki daga gefen dama na takarda zuwa hagu don kada hannu ya shafe abin da ta yi.

Sai na sayi kaya masu tsada?

A'a. Fensir mai alamar HB da mai alamar 2B a jikinsa, da kilina, da farar takarda irin ta buga takardu sun isa shekarar farko. Biro ma malami ne mai kyau, tunda ba ya goguwa, yana tilasta maka duba sosai kafin ka ja. Gawayin murhu yana aiki a kan kwali. Lokacin zafi, idan gumi na ɓata takarda, a sa wata guntuwar takarda ƙarƙashin hannu.

Ana cin abinci da zane kuwa?

Ana ci, amma sai an haɗa da sanin kasuwa. Masu rubutun allon shaguna sun ragu tun da injin buga bana, wato shimfiɗar talla da ake ratayewa, ya shigo, sai dai wanda ke tsara banar a kwamfuta shi ma idon mai zane yake buƙata, kuma ana gane aikin wanda ya iya fensir. Akwai zanen ɗinki, da ƙunshi, da adon ɗaki, da zanen littattafan yara, da taswirar gini. Mai son karatu mai zurfi, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tsoho ne mai tarihi. A can ne a 1958, tun makarantar tana kwaleji, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan a haɗa dabarun da aka koyo daga Turawa da fasahar gida.

Ina da ƙorafi ɗaya a nan. Mutum zai sa a yi masa aikin kwana uku, idan an faɗi kuɗi sai ya ce, “Haba, ai baiwa ce Allah ya ba ka.” Allah ne ya ba tela da makaniki basirarsu su ma, kuma ana biyansu ba gardama. Matasanmu su koyi yanka farashi tun kafin su fara, su karɓi kafin alƙalami.

To daga ina zan fara, kuma ya zan san ina ci gaba?

Yau ka ajiye abu ɗaya a gabanka, buta ko takalmi, ka zana shi iyakar iyawarka, ka rubuta kwanan wata, ka ɓoye takardar. Daga nan ka ware minti 20 zuwa 30 kullum, bayan Asuba ko bayan La'asar, duk wanda ya fi maka sauƙi. Kaɗan kullum ya fi wuni guda a mako.

Ka fara koyon awo da fensir: miƙe hannu sosai, rufe ido ɗaya, ka auna faɗin abin da babban yatsa a jikin fensirin, sannan ka ga sau nawa faɗin ya shiga cikin tsayin. Ka riƙa zana babbar siffa da layi mara nauyi kafin ka shiga ƙananan abubuwa, don mafi yawan masu farawa suna ɓata awa guda a kan adon murfi alhali jikin butar a karkace yake. Wani lokaci ka bar abin, ka zana sararin da ke kewaye da shi, kamar ramin da ke tsakanin mariƙin buta da jikinta. Idan ka gama, ɗaga zanen gaban madubi, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Inuwa sai daga baya, kuma da haske ɗaya, na taga ko na tocila a ɗaki mai duhu.

Ka nemi wanda ya fi ka ya riƙa duba maka, ko da tela ne mai zanen riga ko mai rubutun allo a shiyarku, ka roƙe shi ya nuna maka kuskure ɗaya tak a kowane zane. Bayan wata uku ka sake zana butar nan ta farko a inda ka ajiye ta, ka fito da tsohuwar takardar ka jera su. Idan tsayi da faɗi sun fi daidaita, ka matsa zuwa abu biyu a haɗe, ɗaya a gaban ɗaya. Idan ba su daidaita ba, ka koma kan awo da fensir na wasu makonni kafin ka taɓa inuwa.